Hamsa da Arba'in Ba Ɗaya

Malam Ashafa bai taɓa cewa dubu biyar ba. Hamsa yake cewa. Dubu huɗu arba, dubu uku talata, ɗari biyu metan. Haka ya ji a bakin kakansa, wani tsoho da ya riski zamanin wuri a ƙasar Ringim, haka kuma ya riƙe har ya koma ga Mahaliccinsa. Gidansu gidan masaƙa ne. Boko bai yi ba, allo kuwa ya tsaya a izu goma. Amma tun yana yaro, in ya ga tarin abu sai ya raba shi a zuci, ya ga ko zai rabu daidai ko zai bar saura. Ba wanda ya koya masa. Wasu ana haifarsu da kunnen kiɗa, shi da wannan aka haife shi.

Farin shekarar saba'in da uku ne ya tayar da shi daga gida. Gero bai yi ba, auduga ba ta yi ba, wanda kuwa ba shi da na tuwo ba ya sayen gwado. Ya kwaso matarsa Mairama da 'ya'ya huɗu, ya kama ɗaki ciki da falo a Dakata, ya shiga sahun masu tsayuwa a ƙofar wata masaƙa a Bompai. Kwana goma sha ɗaya yana tsayuwa. Ran na sha biyu wani akawu ya leƙo ya ce wa ya iya saƙa. Kowa ya ɗaga hannu, har da mahauta. Aka zaɓi mutum biyar aka shiga da su, aka tsayar da su gaban bim, wato ƙaton gangar ƙarfe da ake naɗe zaren tsaye a jikinta.

Akawu ya ce, "Zare nawa ne a nan?"

Sauran suka yi ta cinta. Ashafa ya ware zare faɗin ɗan yatsa ya ƙirga, ya auna bim ɗin da taƙi, ya lissafa a zuci.

"Talata da metan."

Akawu ya kwashe da dariya. "Malam, yau fa Alhamis ce."

Wani tsohon maigadi da ke tsaye ya ce, "Dubu uku da ɗari biyu yake nufi, yallaɓai."

Aka duba katin da ke rataye jikin bim. Dubu uku da ɗari biyu da arba'in. Akawu ya daina dariya, ya tambayi sunansa.

Aikin da aka ba shi shi ne zura zare. Kafin a ɗora bim a kan injin saƙa, dole kowane zare ya bi ta idon andira. Andira a masaƙar gida igiya ce, a nan kuwa siraran wayoyi ne, kowace da ɗan ido a tsakiya, an jera su sahu huɗu. Mutum biyu ke aikin. Ɗaya a baya yana ware zare ɗaya ɗaya yana miƙowa, ɗaya a gaba yana sa ƙugiya ta ido yana jawowa. Sahu na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, a dawo na ɗaya. Na gaba shi ne babba, albashinsa ya ɗara, kuma in an yi kuskure kansa ake nema. Ashafa bai cika wata shida a baya ba aka mayar da shi gaba.

Wanda ya zauna masa a baya shi ne Habila, mutumin Kagoro, wanda ya bar makaranta a aji uku na sakandare, yana kuma cikin mawaƙan cocinsu. Fiye da shekara goma suka yi suna fuskantar juna ta tsakanin wayoyi. Habila ya fi sanin yatsun Malam Ashafa a kan fuskarsa.

Kusan kullum da safe sai ya ce, "Malam, yau Talata ce ko dubu uku?"

"Ka tambayi fastonka, shi ya koya maka ƙirgen 'yan yara."

"Shi ai ya ce in yi maka addu'a."

"Miƙo zare, sarkin surutu."

Mafi yawan abin da masaƙar take fitarwa akoko ne, yadin nan mara rini, bim ɗin akoko kuwa zarensa dubu biyar da arba'in ne. Hamsa da arba'in, in ji Ashafa. Yana son lambar nan kamar yadda wani ke son ɗa mai biyayya. Yakan ce lamba ce mai ladabi, duk yadda ka raba ta ba ta musu. Biyu, uku, huɗu, biyar, har goma, babu wanda ba ta rabuwa da shi daidai. A sha ɗaya ne kawai take noƙewa, a sha biyu ta dawo hanya. Wata rana ana hutun azahar ya nuna wa Habila a ƙasa da tsinke: ɗaya sau biyu, sau uku, sau huɗu, a yi ta tafiya har sau bakwai, sai ga ta ta fito cif. Habila ya lissafa a bayan kwalin sigari, ya ga haka ne, ya ce da Malam ya yi boko da yanzu shi ke korar mutane, ba shi ake kora ba.

Lambobi a wajensa iri iri ne. Akwai shafa'i, mai rabuwa biyu, akwai wutiri, mai barin ɗaya. A cikin wutirin kuma akwai waɗanda yake kira gwauraye, irin su bakwai da sha uku da casa'in da bakwai, waɗanda ba sa rabuwa da kowa sai ɗaya sai kansu. Ya ce masaƙi ba ya hulɗa da gwauro, don ba ya jeruwa.

Yana da wata al'ada da ya taho da ita daga gida. Yana jan zare yana ƙirgawa a baki, ƙasa ƙasa kamar mai jan carbi. In ya kai sittin sai ya ƙulle su ƙulli ɗaya, ya sunkuya ya duba cewa zaren ƙarshe ya faɗa sahu na huɗu, tunda sittin tana rabuwa da huɗu. Ƙulli tamanin da huɗu, bim ya ƙare. Shekara tara ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Sai ido ya fara.

Da farko kamar hayaƙi ne a gefen dama. Daga nan idon andira ya zama biyu, daga baya ya zama babu, sai dai yatsa ya lalubo shi. Yanar ido ce, wadda ke kama mutane da yawa in sun haura hamsin. Bai gaya wa kowa ba. Mairama ce ta gane, ranar da ta miƙa masa allura ya sa mata zare, mutumin da ke zura dubu biyar a wuni ya juya allurar, ya juya, ya ce ya gaji.

Ta ce, "Malam, ka je a duba maka idon nan."

"Wa ya ce miki ido ne?"

"Jiya ka gaida buhun gawayi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In na je ɗakin maganin kamfani, takarda za ta riga ni komawa wajen aiki. Kin san abin da ake ciki."

Ta sani. Shekarar tamanin da huɗu ce. Kayan aiki ba sa shigowa, injuna rabi a kashe, masaƙun Sharada da Challawa suna ta sallamar mutane. A nasu kamfanin an riga an yi kora sau biyu, kuma kowa ya ji cewa an ce wa Lawal, foman ɗin sashensu, ya kawo suna shida kafin ƙarshen wata. Lawal ba mugu ba ne, ba kuma mai kirki ba ne. Mutum ne da aka ce ya kawo shida, yana yawo da biro a aljihu yana neman dalili. 'Ya'yan Ashafa a lokacin bakwai ne, gonar gida kuwa ƙannensa sun daɗe da rabewa.

Don haka ya koyi ɓoyewa. Ya haddace taku nawa ne daga ƙofa zuwa kujerarsa. Katin bim yakan miƙa wa Habila ya ce, "Karanta mana, ɗan boko." Sunkuyawar nan da yake yi a kan kowane ƙulli kuwa ya daina ta, don yanzu sai ya kai hancinsa jikin waya kafin ya gani, kuma Lawal yana iya wucewa a kowane lokaci. Ya dogara da baki da yatsa. Kullum ya shiga da faɗuwar gaba, ya fita da hamdala, gobe a sake.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, cikin bazara, rufin kwano yana tafasa tun hantsi. Sun ɗauki bim ƙarfe shida na safe, an ce injin lamba sha tara yana jiransa kafin a tashi ƙarfe biyu. Sha biyu da rabi Habila ya miƙo zare ya ce, "Na ƙarshe ke nan."

Ashafa ya ja. Bakinsa ya ce sittin. Ƙulli na tamanin da huɗu ya cika. Hannunsa kuwa, da ya saba tsayawa nan, ya wuce gaba da kansa ya taɓa wata andira. Ya shafa idonta. Babu zare.

Ya sake shafawa.

"Habila. Duba ƙasa, ko wani ya faɗi."

Habila ya duba ƙasa, ya duba jikin bim, ya shafa gefe da gefe. "Babu, Malam." Ya leƙo ta tsakanin wayoyi, ya ga andira ɗaya tsirara a ƙarshen sahu. "Kai, ba komai ba ne. Masu jera wayar ne suka sa ɗaya ta yi yawa. Sun saba. Cire ta mu tafi mu ci abinci."

"Zaren ƙarshe a wane sahu yake?"

Habila ya duba. "Na uku."

"Hamsa da arba'in in ka raba ta huɗu, saura nawa?"

"Babu saura."

"To me ya kai na ƙarshe sahu na uku? Da waya ce ta yi yawa, da zaren ya sauka a na huɗu, ita ta tsaya ita kaɗai a gefe. Ido hamsa da arba'in ba ɗaya muka cika."

Habila ya ce, "To bim ɗin ne ya zo da gibi."

"Na ƙirga abin da na ja. Ya cika."

Daga nan babu sauran wurin ɓuya. Zare ya cika, ido ɗaya ya rage, ke nan akwai idon da ya ci zare biyu. Wani wuri cikin dubu biyar ɗin nan ya mayar da ƙugiya idon da ya riga ya cika, bai gani ba. In aka ɗora bim ɗin haka, layi mai kauri zai bi akokon daga farko har ƙarshe, yadi dubbai, kowane mai duba kaya ya gan shi.

Jiniyar hutu ta yi kuka. Mutane suka fara fita, masu alwala suna neman buta, masu abinci suna tafiya wajen mai shinkafa da wake a bakin ƙofa. Ashafa bai motsa ba. Gumi yana bin bayansa.

Habila ya zagayo gaba. "Sai mu bi su ɗaya ɗaya?"

"Har la'asar ba mu gama ba. Je ka ƙulli na arba'in da biyu, tsakiya ke nan. Zarensa na ƙarshe, wane sahu?"

Habila ya ƙirga ƙulli ya duba. "Na huɗu."

"Rabin farko lafiya. Tafi na sittin da uku."

"Na uku."

"Dawo na hamsin da biyu."

"Na huɗu."

Haka suka yi ta matse shi kamar masu farautar gafiya, na hamsin da bakwai, na hamsin da huɗu, har suka tsaya a na hamsin da uku. Ashafa ya kwance ƙullin, ya bi wayoyin da yatsa. A ta goma sha takwas ya ji su, zare biyu kwance cikin ido ɗaya kamar tagwaye. Ya tuna lokacin ma. Wajen ƙarfe goma ne, sa'ad da Lawal ya tsaya a bayansa yana magana da wani, shi kuma ya ƙara sauri don kada a ce ya rage.

Gyaran gaskiya ɗaya ne. A zare duk abin da ya biyo baya a sake zurawa, zare kusan dubu biyu, aikin awa biyu da rabi in an yi sauri. Saura awa ɗaya da 'yan mintoci a tashi. Lawal zai zo ya tarar da bim a kwance, ya tambayi dalili.

Habila ya waiga, ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "Malam, ji nan. Ga almakashi. A yanke ɗaya daga cikin biyun, a cusa shi cikin bim. Layin ya tafi. A cire wayar da ta rage. Zare ɗaya cikin dubu biyar, ko mai kamfanin bai isa ya gani a jikin yadi ba."

"Lawal yana duba zaren ƙarshe kafin ya sa hannu. Zai gan shi a na uku."

"Sai mu ce haka ya zo daga wadari."

Wadari shi ne sashen da ake naɗa zaren a jikin bim, mai yin na akoko kuwa Idi ne, wani Badamagare siriri mai tari, wanda bara da aka kori baƙi ya yi wata biyu a ɓoye a ɗakin wani ɗan'uwansa a Hotoro kafin ya lallaɓo ya dawo. In akwai sunan da biron Lawal ke ƙaiƙayin rubutawa, nasa ne.

Ashafa ya karɓi almakashin. Wannan gaskiya ne, ya karɓa, kuma ya daɗe riƙe da shi. Ya sa bakinsa a jikin zaren. Ya tuna ɗaki ciki da falo, da bakuna tara, da layin masu tsayuwa a ƙofa wanda yanzu ya ninka na zamaninsa sau biyar, kuma ba a leƙowa a tambayi kowa komai.

Ya ce, "Idi kashi nawa yake naɗa bim ɗin nan?"

"Sha biyu."

"Kowane kashi zare ɗari huɗu da ashirin. In kwarkwaron zare ɗaya ya ƙare masa bai lura ba, sha biyu za su ɓace, ba ɗaya ba. Hamsa da arba'in ba ɗaya ba ta fitowa daga wadari, Habila. Ba ta rabuwa sha biyu. Ba ta rabuwa biyu, ba ta rabuwa uku. Kowace ka gwada har goma, ɗaya take nema ta cika. Na taɓa bin ta har saba'in don wasa, ban sami mai raba ta ba. Gwauruwa ce. Ba injin da ke haifar ta, sai hannun mutum."

"To wa zai yi wannan lissafin? Lawal?"

"Lawal ba zai yi ba. Shi suna zai rubuta."

"Ka gani."

"Ni na riga na yi."

Habila ya share fuska da gefen riga. "To ka ce ni na miƙo maka biyu a haɗe. Ni ƙuruciya gare ni, in an kore ni na koma gida noman citta."

"Kai da ko kunya ɗaya ba ka iya ja a gona ba? Matarka da ciki, ka je ka ci waƙar coci?" Ya ajiye almakashin a kan benci. "Shekara goma, ka taɓa miƙo mini biyu ban ji a ƙugiya ba?"

"A'a."

"To."

Habila ya ce, "Na sani fa, Malam. Tun bara na sani. Mutum ba ya fara son a karanta masa kati rana ɗaya."

"Da ka sani ka yi shiru, ka kyauta. Yanzu je ka kira shi."

"Malam..."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kira shi kafin in sake ɗaukar abin nan."

Lawal ya zo yana sakace, bai ji daɗin an tashe shi daga abinci ba. Ashafa ya miƙe tsaye, duk da ya girme shi da shekara goma sha biyar.

"Yallaɓai, na haɗa biyu a ido ɗaya, a ƙulli na hamsin da uku. Sai an sake daga nan. Laifina ne, ba na Habila ba, ba na wadari ba."

Lawal ya sunkuya ya gani. "Kai, Malam Ashafa? Yaya aka yi?"

"Ban gani ba."

"Ba ka lura ba dai."

"Ban gani ba, yallaɓai."

Lawal ya cire tsinken daga bakinsa. Ya juya ya nuna agogon bango da ke can ƙarshen sashen, wanda fuskarsa ta kai faranti. "Ƙarfe nawa?"

Ashafa ya kalli wajen. Farin abu ne kawai a cikin hazo. Zai iya cinta, don ya san jiniya ba ta daɗe da yi ba, kuma cintarsa ba ta cika kuskure ba. Ya ce, "Ba na ganin hannayensa."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi."

"Shekara ɗaya da rabi kana zura mini zare da lalube?" Lawal ya dubi Habila, Habila ya dubi ƙasa. Ya zaro biro ya juya shi a hannu. Ashafa yana jin ƙarar maɓallinsa, ƙyas, ƙyas, kowace kamar a ƙirjinsa. "In ba ka gani, ta yaya ka gano inda yake cikin rabin awa?"

Ashafa ya gaya masa, sittin sittin, sahu na huɗu, a fara daga tsakiya. Lawal ya saurara da fuskar wanda bai gane duka ba amma ya gane abin da zai amfane shi. A sashen nan in aka yi irin wannan kuskure, wuni guda ake yi ana nema, wani lokaci sai yadi ya fito ake sani.

Ya ce, "Injin sha tara zai kwana a tsaye saboda kai, kuma ni za a tambaya. Ba za ku tashi ba sai kun gama, ba kuma wanda zai rubuta muku obataya. Habila, koma gaba. Kai kuma Malam, kujerar nan ka bar ta ke nan. Ka zauna a baya ka miƙa, ka yi masa ƙirgen naka. Albashin baya za ka ci."

"Sunana fa, yallaɓai?"

"Ban ce komai a kan suna ba."

Ya tafi. Ashafa ya je ya yi alwala ya yi azahar, ya dawo ya zagaya bayan wayoyi, ya zauna inda ya bari shekara goma da suka wuce. Ya miƙa wa Habila ƙugiyar ta tsakanin andira, ƙugiyar da ya yi wa mariƙi da kansa da icen giginya har ta ɗauki siffar yatsunsa. Habila bai yi wasan Talata ba ranar. Sai bayan biyar suka gama, don hannun Habila bai saba ba.

Kwana goma sha uku suka rage wata ya ƙare, kuma cikinsu babu ranar da Ashafa ya ci abinci ya ji ɗanɗanonsa. Lawal yana wucewa bai ce ba, bai fasa ba. Mairama da ta ji labari ba ta yaba masa ba, ba ta kuma zarge shi ba. Ta ce tunda asiri ya riga ya tonu, sai ya je a duba idon, ta kuma ƙara yawan ƙosan da take soyawa a ƙofar gida.

Ran talatin ga wata aka manna takarda a jikin allon sanarwa. Mutane suka yi dafifi. Ashafa ya tsaya a baya, don ko ya matsa ba abin da zai gani. Habila ya kutsa ya fito.

"Karanta mini duka shidan."

Ya karanta. Babu Ashafa. Babu Habila, babu Idi. Akwai wasu mutum shida, su ma da 'ya'yansu, ɗaya ma yana tsaye kusa da su ya dafe kai. Ashafa bai yi hamdala da ƙarfi ba. Ya wuce ciki yana ƙirga takunsa.

Idi bai taɓa sanin an riƙe almakashi a kansa ba. Yakan wuce ya ce, "Malam, kun koma baya? Hutu ya yi," Ashafa ya ce hutu ya yi.

Bai sake zama a gaba ba. An yi masa aikin ido ɗaya a shekarar da ta biyo, ya samu ganin hanya da fuskokin jikoki, amma idon andira ya fi ƙarfinsa har abada. Shekara uku ya yi a baya. A tamanin da bakwai aka rufe rabin masaƙar, wannan karon ba a nemi dalili a kan kowa ba, aka sallame shi tare da mutum ɗari da wani abu. Ya koma sayen ragowar zare a ƙofar kamfanoni yana warwarewa yana sayar wa masu ɗinkin hula. Ya rasu da damina a tamanin da tara, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Habila ya zo, ya tsaya daga gefe har aka idar da salla, ya bi su maƙabarta.

Waɗanda suka yi aiki a sashen cikin shekaru ukun nan ba zancen kora suka fi tunawa ba. Abin da suke tunawa shi ne murya biyu da ke fitowa daga tsakanin wayoyi, sau tamanin da huɗu a kowane bim, har wasu suka mayar da ita abin tsokana a bakin ƙofa. Tsoho daga kujerar baya ya ce, "Sittin. Wane sahu?" Habila ya sunkuya ya duba da kyau, don ya san in ya amsa bai duba ba za a gane.

"Na huɗu, Malam."

"Ƙulle. Karɓi."